Man MCT, man kifi, ketone ko sauya abinci gaba ɗaya: wanne ya dace da mai dogon gudu?

Duk wanda ya taɓa gudun fanfalaki ko tseren keke na sa'o'i ya san yadda ƙarfi ke ƙarewa ana tsakiyar hanya. A gudun kilomita 42 abin yakan zo ne bayan an wuce kilomita 30: ƙafafu su yi nauyi, kai ya ɗauki jiri, zuciya tana so amma jiki ya ce bai san zancen ba. Dalilin sananne ne. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin, ba shi da yawa. Tsoka na riƙe giram 400 zuwa 500, hanta wajen giram 100, duka dai kalori 2,000 ne ko kusa da haka. Shi kuwa kitse, ko siririn ɗan wasa mai kilo 70 yana ɗauke da fiye da kalori 50,000 nasa a jiki.

A kan wannan tazarar aka gina kasuwar kayan ƙarin abinci masu maiko. Lissafin masu talla shi ne: sa jiki ya ƙona kitse, sai sukarin ya jira ƙarshen tsere. Kuma ba daga iska suka ɗauko shi ba. A 1977 David Costill da abokan aikinsa a Amurka sun ciyar da masu gudu abinci mai maiko, suka yi musu allurar heparin don kitsen ya watsu cikin jini, sai suka ga gilaikojin da tsoka ta ƙona ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Tun daga nan ake neman yadda za a samu wannan sakamakon ta baki, ba tare da allura ba.

Kafin a shiga kwatance, akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai, don shi ne ke warware yawancin rikicin. Mai gudu ba ya fama da ƙarancin kitse. Tankin a cike yake, bututun ne siriri. Ɗan wasa mai cin abinci irin na kowa yana ƙona wajen rabin giram na kitse a minti ɗaya, kuma wannan yana kai ƙololuwa ne a matsakaicin gudu, irin wanda za ka iya yin hira a cikinsa. Da zarar an matsa, jiki sai ya koma kan sukari. Ga kuma batun numfashi: da lita ɗaya ta iskar oksijin, sukari yana ba da ƙarfi fiye da kitse da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari. Ga mai yawo wannan ba komai ba ne. Ga wanda huhunsa ke aiki a kan iyaka, shi ne bambancin na gaba da na tsakiya.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi: an gwada abin a jikin mutane, kuma agogo ya nuna sun ƙara sauri? Ba ɓeraye ba, ba kuma sakamakon gwajin jini kaɗai ba. Talla da yawa suna cewa "yana ƙara ƙona kitse", kuma gaskiya suke faɗa, sai dai ba a ba da lambar yabo don ƙona kitse.

Na biyu, ciki. Abin da ya sa ka neman bayan gida a tsakiyar tsere ya cinye duk ribar da ya kawo.

Na uku, tsada, idan aka lissafa ta a kan watannin da za a yi ana sha, ba farashin kwalba ɗaya ba.

Na huɗu, ɗorewa, kuma fuska biyu ce da ita: yaya abin yake ajiyuwa, kuma tsawon wane lokaci zai ɗauka kafin ya fara aiki ko ya bar jiki.

Na biyar, sauƙin amfani. Na shida, haɗari, ga lafiya da kuma ga sunan ɗan wasan da ake yi wa gwajin ƙwayoyi.

Man MCT

Shi ne ya fi kowa kyakkyawar hujja a takarda. Ana tace shi daga man kwakwa ko man ƙwallon kwakwar manja, a ware kitse mai matsakaicin tsawon jiki, wanda shi ne ma'anar MCT, musamman nau'in da ake rubutawa C8 da C10 a bayan kwalba. Wannan kitsen ba ya bin doguwar hanyar da sauran ke bi. Daga hanji kai tsaye yake wucewa hanta ta jini, kuma yana shiga inda ake ƙona shi a cikin ƙwayar halitta ba tare da ya jira mai rakiya sosai ba. Wato yana saurin zama ƙarfi kusan kamar sukari.

Matsalar tana wurin adadi. Asker Jeukendrup da abokansa a Maastricht ta ƙasar Holan sun bi diddigin wannan man a tsakiyar shekarun 1990. Suka ga cewa abin da ciki ke ɗauka lafiya bai wuce wajen giram 30 ba, kuma wannan adadin bai samar da fiye da kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari na ƙarfin da masu keken suka kashe ba. Bai kuma rage ƙona gilaikojin ba. A 1996 wani bincike a Jami'ar Cape Town ya tayar da ƙura: masu keke shida da suka sha MCT mai yawa haɗe da sukari sun gama kilomita 40 da saurin da ya ɗara na masu shan sukari kaɗai da kusan kashi 2.5. Wannan shi ne binciken da har yau ake jingina da shi. Amma da Jeukendrup ya gwada giram 85 a 1998, haɗin bai ƙara komai ba, MCT shi kaɗai kuma ya rage ƙoƙari, ga murɗawar ciki. Waɗanda suka biyo baya galibi sun tsaya a nan ne: kaɗan ba ya aiki, mai yawa ciki ba ya ɗauka.

Wanda ya taɓa shan cokali biyu nasa a kan ciki wayam ya san yadda yake: ɗumi a ciki, sai ƙugi, bayan rabin sa'a sai gudawa. Ana iya saba wa jiki a hankali, daga ƙaramin cokali, amma ko an saba, iyakar ba ta matsawa da nisa. Tsadarsa matsakaiciya ce. Wajen ajiya kuwa ba shi da na biyu a wannan jerin, don ba ya saurin lalacewa kuma ba ya buƙatar firji. A kula da abu ɗaya: man kwakwa ba MCT ba ne. Kusan rabinsa nau'in C12 ne, wanda a jiki ya fi kama da kitse na yau da kullum. Wanda ya sayi man kwakwa da sunan MCT ya sayi man girki ne kawai.

Kitse na yau da kullum kafin tsere ko a cikinsa

Nan ana nufin duk wani maiko da ake ci a abinci, ko wanda aka cusa a cikin sandunan ƙarin ƙarfi na 'yan wasa. Hanyarsa doguwa ce: sai matsarmama ta narkar da shi, a naɗe shi, ya bi ta wasu jijiyoyin daban kafin ya isa jini, abin da kan ɗauki sa'a uku zuwa huɗu. Yana kuma hana ciki saurin sauke abin da ke cikinsa, har da ruwa da sukarin da kake buƙata da gaggawa. Gwaje-gwajen cin abinci mai maiko sa'o'i kaɗan kafin tsere ba su nuna wata riba a fili ba. Hanyar da Costill ya bi ta allura kuwa ta ɗakin bincike ce, kuma hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta haramta ƙarin ruwa ta jijiya da ya wuce mililita 100 cikin sa'a 12, sai da dalilin jinya.

Inda yake da daraja shi ne inda nauyin kaya ya zama matsala. Giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na sitaci 4. A tseren Marathon des Sables na hamadar Maroko, mai tsawon wajen kilomita 250, kowa yana goye da abincinsa na kwanaki, kuma doka ta wajabta aƙalla kalori 2,000 na kowace rana. A irin wannan tafiyar gudun ba mai tsanani ba ne, ciki yana da lokacin narkarwa, kuma bayan kwana biyu baki ya gaji da zaƙi. Nan maiko ba gardama. Shi ne mafi araha, haɗarinsa kaɗan ne, sai dai ya narke ko ya yi wari a zafi.

Man kifi

Man kifi ba makamashi ba ne, don haka kuskure ne a auna shi da MCT kamar abu ɗaya suke yi. Ana shansa ne saboda sinadarai biyu na omega-3, EPA da DHA, waɗanda ke shiga cikin fatar ƙwayoyin jini da na tsoka da na zuciya, su zauna. Aikinsa na makonni ne. Ƙwayoyin jini ma sai sun yi wata uku zuwa huɗu kafin su daidaita da sabon adadin. Wanda ya haɗiye kafso biyar da safen ranar tsere, gyatsa mai ƙarni kawai zai samu.

Me aka gani a 'yan wasa? A 2008 masu bincike a Jami'ar Wollongong ta Ostireliya sun ba masu keke giram 8 na man kifi kullum har mako takwas. Bugun zuciyarsu ya ragu a kan aiki iri ɗaya, iskar da suke ja ma ta ɗan ragu. Abin sha'awa ne, amma iyakar ƙarfinsu ba ta ƙaru ba. An sake ganin irin wannan a wasu gwaje-gwajen: zuciya tana aiki cikin natsuwa, agogo bai motsa ba. Akwai kuma shaidar cewa yana ɗan rage tsamin jiki bayan atisaye mai wuya, ko da yake sakamakon ba ya zuwa iri ɗaya kullum. Inda aka ga fa'ida mai kauri shi ne a 'yan wasan da ƙirjinsu ke toshewa bayan gudu. A 2003 Timothy Mickleborough ya ba irin waɗannan giram 3.2 na EPA da 2.2 na DHA kullum na mako uku, numfashinsu bayan motsa jiki ya gyaru sosai. Wannan bai maye gurbin maganin da likita ya rubuta ba, amma abin a tattauna da shi ne.

A ganina shi kaɗai ne a cikin jerin nan da zan ce wa mutum ya saya ba tare da na ji nauyi ba, da sharaɗin ya san lafiya yake saye, ba sauri ba. Sai dai a iya karanta kwalba. Gaban kwalbar zai ce miligiram 1,000, amma ka juya baya: a yawancin masu araha EPA 180 ne, DHA 120, wato 300 kacal. Sauran wani maikon ne. Idan ka yi lissafi da abin da ke baya, sau da yawa mai tsadar ne ya fi araha.

Rauninsa ajiya. Zafi da haske da iska suna lalata shi. Gwajin mai sauƙi ne: huda kafso ɗaya da allura ka sansana. Ɗan ƙarnin kifi ba laifi, amma idan ya yi wari mai kaifi kamar tsohon fenti, a zubar. A ajiye shi a wuri mai sanyi da duhu, kada a sayi kwalbar da za ta shekara. Batun haɗari kuma, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2012 har giram 5 a rana bai zama abin damuwa ga baligi mai lafiya ba. Amma manyan gwaje-gwajen masu ciwon zuciya da aka ba giram 4 a rana sun nuna ƙaruwar rikicewar bugun zuciya, kuma an san cewa waɗanda suka shekara da shekaru suna dogon gudu sun riga sun fi sauran mutane fuskantar wannan matsalar. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ya fara ganin likita. Man hantar kifi kuma daban ne, yana ɗauke da bitamin A mai yawa, ba a shansa da irin wannan adadin. Wanda ba ya cin kifi yana da man da ake samu daga tsiron ruwa, ya fi tsada amma aikin ɗaya ne.

CLA

CLA wani nau'in kitse ne da ake samu a madara da naman shanu, ana kuma sayar da shi a kafso. Ba sai an daɗe a nan ba. Ɓeraye sun ƙara juriya da shi, mutane ba su ƙara ba. Ragin ƙibar da aka gani a mutane ɗan kaɗan ne, kuma wani bincike a Sweden a 2002 ya nuna ɗaya daga cikin nau'o'insa yana sa jikin maza masu teɓa ya rage jin insulin. Kuɗi matsakaici, riba babu, haɗari akwai. A wuce.

L-carnitine

Shi ba kitse ba ne, amma a layi ɗaya ake jera shi, don shi ne ke raka kitse zuwa inda ake ƙona shi a cikin tsoka. An daɗe ana sayar da shi kafin a gane cewa shansa haka kawai ba ya ƙara yawansa a tsoka, fitsari yake bi. Sai a 2011 masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka samo dabara: giram 2 haɗe da giram 80 na sukari, sau biyu a rana, har mako 24. Insulin ɗin da sukarin ya tayar shi ke tura shi ciki. Carnitine ɗin tsoka ya ƙaru da kashi 21, aikin da suka iya yi a gwaji ya ƙaru da kashi 11.

Sakamako ne mai kyau, amma dubi sharuɗɗan. Kusan wata shida ba fashi, da ƙarin sukari giram 160 kullum, wato kalori 640 da sai ka nemi inda za ka rage su. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma ba manyan zakaru ba ne. Kwalba ɗaya ba tsada, wata shida kuwa kuɗi ne. Yana iya kawo tashin zuciya da warin jiki, kuma ƙwayoyin hanji suna juya wani ɓangarensa zuwa sinadarin TMAO, wanda ake dangantawa da ciwon jijiyoyin jini. Wani abin mamaki: maganin meldonium, da aka haramta a farkon 2016 har ya jawo dakatar da 'yar wasan tanis Maria Sharapova, aikinsa shi ne rage carnitine a jiki don a karkata zuwa ƙona sukari. Wato a lokaci guda wasu na biyan kuɗi su ƙara shi, wasu na jefa sunansu a haɗari don su rage shi.

Ruwan ketone

Wannan shi ne ɗan gatan zamani. Ketone wani makamashi ne da hanta ke yi daga kitse idan mutum ya daɗe bai ci sitaci ba. Kieran Clarke ta Jami'ar Oxford da Richard Veech na Amurka suka haɗa wanda ake sha, da tallafin hukumar binciken sojan Amurka, ta yadda cikin rabin sa'a jini zai cika da shi ba tare da an yi yunwa ba. A 2016 aka wallafa gwajin da ya sa duniyar keke ta waiwayo: bayan sa'a ɗaya ta tuƙi mai wuya, waɗanda suka sha ketone da sukari sun ƙara wajen mita 400 cikin minti 30, kusan kashi 2 cikin ɗari.

Shekara ɗaya bayan haka aka gwada wani nau'insa a ƙwararrun masu keke goma a Ostireliya. Suka rage sauri da kusan kashi 2, kuma dukansu sun koka da ciki. A Jami'ar Leuven ta Beljiyam, tawagar Peter Hespel ta gwada shi a tseren kwaikwayo mai tsawo, ba ta ga riba ba. An kuma gano yana ƙara wa jini tsami, yana danne ƙona sukari a daidai lokacin da ake son fizga. Abin da ya rage masa na fata shi ne farfaɗowa: a 2019 wannan tawagar ta Leuven ta ga cewa shansa bayan atisaye, cikin mako uku na horo mai tsanani, ya rage alamun gajiyar da ta wuce kima. Wasu manyan ƙungiyoyin tseren Tour de France sun amsa cewa suna amfani da shi. WADA ba ta haramta shi ba, amma a 2021 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shawarci mahaya su guje shi har a kammala bincike.

Shi ne mafi tsada nesa ba kusa ba. Sha ɗaya na asalin nau'in yana iya cin kuɗin man kifi na wata guda. Ɗacinsa sananne ne, har masu sayar da shi ba sa musu. Yana ajiyuwa, amma a jiki sa'o'i kaɗan yake yi. Akwai garin ketone mai araha da ake haɗawa da gishiri, sai dai ba ya ɗaga ketone ɗin jini kamar wancan, ga lodin gishiri. Mai ciwon sukari, musamman mai allurar insulin, kada ya kusance shi sai da likita.

Sauya abinci gaba ɗaya zuwa maiko

Ba kwalba ba ce, amma duk mai wannan tambayar a ƙarshe nan yake zuwa. Tsarin shi ne a rage sitaci ƙasa da giram 50 a rana, kitse ya zama kashi 75 zuwa 80 na abinci. Kuma a faɗi gaskiya, a jerin nan wannan ita ce hanya ɗaya tilo da ke faɗaɗa bututun da gaske. A 2016 Jeff Volek ya auna masu gudun nesa da suka daɗe a kan tsarin, ya samu suna ƙona wajen giram 1.5 na kitse a minti, fiye da ninki biyu na takwarorinsu.

To amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Binciken Stephen Phinney na 1983, wanda masu tsarin ke yawan ambata, mutum biyar ne kawai, kuma matsakaicin juriyarsu bai sauya ba bayan mako huɗu, wasu sun ƙaru wasu sun ragu. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na Louise Burke a Cibiyar Wasanni ta Ostireliya, da aka wallafa a 2017. Ta tara manyan 'yan tseren tafiyar sauri na duniya, ta raba su, ana dafa musu abinci ana aunawa har mako uku na horo iri ɗaya. Masu cin maiko sun ƙona kitse kamar yadda aka yi alkawari, amma iskar da suke buƙata a kan sauri iri ɗaya ta ƙaru. A tseren kilomita 10, masu cin sitaci sun gyara lokacinsu da sama da kashi 6, masu maiko ba su gyara ba. Da aka yi ta suka, ta sake gwajin, aka wallafa a 2020, sakamakon ya maimaita kansa.

Akwai masu cewa a haɗa biyun: kwana biyar ko shida na maiko, sai kwana ɗaya na cika ciki da sitaci. An gwada a Cape Town a 2006, a tseren keke na kilomita 100. Jimillar lokaci ba ta gyaru ba, ƙarfin fizgar kilomita ɗaya-ɗaya da aka sa a ciki kuma ya ragu, don jikin da ya saba da kitse yana yin sanyi wajen ƙona sukari ko da sukarin yana nan. Kuma tsere, ko mai tsawo ne, a kan tudu da wajen fizga ake rabuwa. Ƙari a kan haka, makonni biyun farko akwai kasala da ciwon kai, cin abinci da mutane yana zama aiki, kuma wasu kitsen jininsu mara kyau yana hawa.

Ga su a jere:

| Zaɓi | Ƙarin sauri | Ciki | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Man MCT | Kusan babu | Gudawa idan ya wuce giram 30 | Matsakaiciya | Yana ajiyuwa, aiki nan take | Sai an saba | Kaɗan |
| Maikon abinci | Babu, sai a tafiyar kwanaki | Nauyi | Araha | Zafi na ɓata shi | Mai sauƙi | Kaɗan |
| Man kifi | Ba a gani a agogo ba | Gyatsa | Ƙasa zuwa matsakaiciya | Saurin lalacewa, aiki bayan makonni | Mai sauƙi | Bugun zuciya da jini idan ya yi yawa |
| CLA | Babu | Ɗan damuwa | Matsakaiciya | Yana ajiyuwa | Mai sauƙi | Insulin |
| L-carnitine | Mai yiwuwa | Tashin zuciya | Tana taruwa | Wata shida kafin a gani | Mai wuya | TMAO, ƙarin sukari |
| Ketone | Sakamako ya rabu | Sau da yawa matsala | Mafi tsada | Sa'o'i a jiki | Ɗaci | Masu ciwon sukari |
| Abincin maiko zalla | Raguwa a gudu mai ƙarfi | Lafiya bayan sabo | Ya danganta | Makonni na sabo | Mafi wuya | Kasala, kitsen jini |

Wani haɗarin ya shafi duk abin da ke cikin kwalba. Wani bincike da ɗakin gwaji na Cologne a Jamus ya wallafa a 2004 ya duba kayan ƙarin abinci 634 daga ƙasashe 13, ya samu kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da haramtattun sinadaran gina tsoka da ba a rubuta a jiki ba. A dokar WADA, abin da aka samu a fitsarinka naka ne, ko ka sani ko ba ka sani ba. Waɗanda aka rubuta wa "mai ƙona kitse" su suka fi zama abin tsoro, don sukan ɓoye abubuwan zaburarwa. Mai shiga gasa ya nemi tambarin gwaji mai zaman kansa irin Informed Sport ko NSF Certified for Sport.

Wa ya dace da me

Idan burinka ka rage mintuna a gudun kilomita 10, rabin fanfalaki ko cikakke, ko tseren keke na yini ɗaya, babu ko ɗaya a jerin nan da kwalliyarsa za ta biya kuɗin sabulu. A 2018 kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsayar masana a kan kayan ƙarin da ke da shaida mai ƙarfi: kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi), creatine, nitrate, beta-alanine da bikabonet. Babu maiko a ciki. Kuɗin ya fi amfani a sukarin sha lokacin tsere, giram 30 zuwa 60 a sa'a, har 90 idan za a wuce sa'a biyu da rabi kuma an horar da ciki, da kafeyin miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Ƙona kitsen da kake nema kuma, dogon gudu a hankali na watanni yana ƙara shi kyauta.

Idan tafiyar kwanaki ce da kaya a baya, ko gudun da zai haura sa'a goma sha biyu a sannu, ɗauki maikon abinci na yau da kullum tare da sitaci, wanda ka riga ka gwada a atisaye. Ƙaramin cokalin MCT zai iya shiga nan idan cikinka ya yarda da shi, a matsayin ƙarin kalori kawai.

Idan ba ka cin kifi mai maiko sau biyu a mako, ko ƙirjinka na toshewa bayan gudu, ko tsamin jiki na hana ka atisayen gobe, man kifi ne naka, a matsakaicin adadi, na aƙalla wata uku. Mai tarihin rikicewar bugun zuciya ko mai shan maganin tsinka jini ya bi ta wurin likita tukuna.

L-carnitine na mai haƙurin wata shida ne wanda horonsa ke cinye ƙarin sukarin. Ketone na ƙwararren da ke da likitan ƙungiya, wani ke biya, kuma a sha bayan aiki, ba a cikinsa ba. Abincin maiko zalla zai iya dacewa da mai gudun nesa sosai wanda cikinsa ke ƙin sukari a hanya kuma gamawa ce damuwarsa ba matsayi ba, shi ma ya fara a lokacin hutun gasa, ya auna kitsen jininsa kafin ya fara da bayan wata uku. CLA kuwa, ban ga wanda zan ba shi ba.